Wayar Da Ba Ta Kai Ƙasa Ba

Da hantsi jirginmu ya sauka, kafin azahar kuma an raba mu da fasfo. Wani mutum mai farar jallabiya ne ya tarbe mu a bakin filin jirgin, ya miƙo hannu ba ko sallama, ya ce kamfani ne ke ajiye takardun ma'aikata don kada su ɓata. Na dubi Cidi, Cidi ya dube ni, muka ba shi. Har yau in na tuna yadda na sa hannu a aljihu na ciro littafin nan da kaina, sai in ji haushin kaina ya fi na kowa.

Sunana Isyaku, mutumin Maska ne. Shekara tara na yi ina aikin lantarki a wani gidan gurzar auduga a Funtua, har aka rufe shi. Cidi kuwa ɗan ƙabilar Ibo ne, amma a Funtua aka haife shi, mahaifiyarsa tana sayar da kwanuka a kasuwa. Hausarsa ta fi tawa gudu, musamman in tsiya zai yi wa mutum. Shi makaniken injina ne, ni mai aikin wayar lantarki. Tare aka sallame mu, tare kuma wani dillali ya samo mana aiki a wata ƙasar Larabawa, a masana'antar da ke haɗa abincin kaji. Takardar ɗaukata aiki ta ce ni ƙwararren ma'aikacin lantarki ne. Na karanta ta ya fi sau goma a cikin jirgi.

Daga filin jirgi aka zuba mu a wata doguwar mota tare da waɗansu mutanen Asiya da ba mu jin yarensu. Awa huɗu muna tafiya ban ga gona ko ɗaya ba. Ni da na tashi inda ko ta ina ka juya masara ce ko dawa ko auduga, na zauna ina kallon yashi da duwatsu har idona ya gaji. Cidi ya zungure ni ya ce, "Isyaku, nan ko ƙaya ta ƙi yarda ta tsiro, mu me muka zo yi?"

Masana'antar tana can bayan gari ita kaɗai, da katanga da mai gadi. Aka ba mu gado a wani ɗakin kwano da mutum takwas ke kwana ciki. Washegari da safe aka kai mu gaban wanda kowa ke kira Injiniya. Shi ma baƙo ne a ƙasar, daga wata ƙasar Larabawan ya zo neman abinci kamar mu, amma yana da ofis mai sanyi, ga makullin ɗakin lantarki rataye a ƙugunsa. Ya ba Cidi akwatin sifana. Ni kuma ya nuna min shebur.

Da ɗan Turancin da muke lallaɓawa na ce masa, "Ranka ya daɗe, ni aikin waya aka ɗauko ni. Ga shi nan a takarda."

Ko kallon takardar bai yi ba. Ya ce, "Takarda ta hukuma ce. Hukuma tana so ta ga muna da masu lantarki, to ga su nan a rubuce. Kai kuma ga shebur."

Haka na fara kwasar dusa da ɗaukar buhu. Hannun da ya saba da filaya da mita ya yi kanta cikin mako biyu. In na kira matata Rabi ta tambaye ni aiki, sai in ce mata lafiya lau, in karkatar da zancen zuwa gona: an sa taki, ruwa ya zauna, wa ya yi huɗa. Wata rana ta ce min an yi ruwa tun asuba har fadamar bayan gidanmu ta cika. Na kashe wayar na zauna a kan buhu, ƙura ta toshe min hanci, na rasa wanda zan zaga.

A ranar ce ma na san Baba Usman. Wani buhu ya yage a kafaɗata, na jefar da shi na ɗura masa ashar da Hausa. Sai na ji murya a bayana ta ce, "Ɗana, buhun bai yi maka laifi ba."

Na juya a firgice. Wani dattijo ne baƙi, siriri, mai farin gemu. Mutumin Sudan ne, amma kakansa daga ƙasar Hausa ya taso a ƙafa zai je aikin Hajji, ya yada zango a Sudan bai ƙara gaba ba. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, akwai kalmomin da rabona da jin su tun kakata tana da rai. Ya tambaye ni garinmu, na ce Maska, wajen Funtua. Ya ce bai san ta ba, amma kakansa yakan ambaci Katsina. Ya raba burodinsa biyu ya ba ni rabi.

Aikin Baba Usman shi ne tsayawa gaban allon sikeli. Injin yana auna masara da waken soya da gishiri da sauran sinadarai, kowanne da nauyinsa, sannan ya zuba su a babbar tukunyar gauraya. Kwamfuta ce ke ba da umarnin komai, shi nasa ya duba lamba ya danna. To, abincin yana fita ba daidai ba. Masu kaji suna dawo da buhuna suna cewa kajinsu sun daina ƙwai. Kullum sai Injiniya ya fito ya tsaya a kan dattijon nan yana daka masa tsawa gaban kowa, wai idonsa ya mutu, wai barci yake yi a tsaye. Baba Usman sai dai ya cire tabarau ya goge ya mayar.

Na fara rage tafiya in na zo wucewa ta gaban allon. Kwana uku na yi ina lura. Sikelin babu komai a kansa, lambar tana zaune lafiya. Da zarar an tayar da babban injin niƙa da ke ɗaya gefen, sai lambar ta kama rawa, ta hau ta sauka ita kaɗai. In injin ya tsaya, ita ma ta natsu. Na kai bayan hannuna jikin akwatin ƙarfen da kwamfutar ke ciki, na ji wani tsam-tsam kamar tururuwa na bin fatata. Na ɗaga kai na dubi inda wayoyi ke bi a ƙarƙashin rufi. Siririyar wayar sikeli da ta maɓallai an ɗaure su tamau a jikin ƙaton kebul ɗin injin niƙa, tun daga wannan bango har wancan.

Duk wanda ya yi wata shida a hannun tsohon da ya koya min aiki a Funtua ya san wannan cuta. Wutar da sikeli ke aika wa kwamfuta 'yar mitsitsiya ce. Babban injin kuwa in ya tashi yana watsa hayaniyar wuta a kewayensa, irin wadda ke sa rediyo ƙara in babur ya wuce kusa. In ka haɗa wayoyinsu wuri ɗaya, kwamfuta ba ta iya bambance saƙon gaskiya da hayaniya. Maganin shi ne a raba musu hanya, kuma a ba hayaniyar wurin zuwa, wato wayar ƙasa, wadda ke kwashe ta ta zubar cikin ƙasa. A gidan gurza mu da kanmu muka haƙa raminta, sai da muka tarar da laima, muka kafa sandar jan ƙarfe da ta fi mutum tsawo, muka zuba gawayi da gishiri. Da rani har ruwa muke ba ramin. Akwatin da wayar ƙasarsa ke da lafiya ba ya yi wa mutum tsam-tsam.

Na tari Injiniya a bakin ofishinsa na yi masa bayani da ladabi. Na ce laifin ba na Baba ba ne, ya ba ni mita da rabin yini in nuna masa.

Ya kalle ni tun daga takalmi har hula. Ya ce, "Daga Turai aka kawo injinan nan. Kai a ƙauyenku da me kuke auna hatsi? Da kwano?"

Na ce, "Da tiya muke aunawa, kuma ba ta ƙarya."

Ya ce in koma bakin aikina. Bayan mako guda na sake samunsa, don na ga wani bel na inji ya motsa shi kaɗai ba wanda ya taɓa shi. Na ce masa abin ya wuce sikeli, wata rana injin zai tashi da mutum a ciki. Ya ce in na ƙara kusantar akwatin nan zai rubuta cewa ni ke lalata shi. Na yi shiru. Fasfona yana cikin durowar da ban san inda take ba, na yi shiru. Wannan shirun shi ne abin da har yau ban yafe wa kaina ba.

Ranar wata Talata da safe, murɗaɗɗen ƙarfen da ke tura gari a layi na biyu ya cushe. Aka kira Cidi, ni kuma aka ce in tsaya kusa da shebur in kwashe abin da ya zubo. Cidi ya buɗe murfin ya leƙa, ya ce a kashe babban makunni kafin ya sa hannu. Injiniya ya ce a'a, in aka kashe shi layi na ɗaya ma zai tsaya, ga motoci suna jiran kaya. Ya nuna allon ya ce, "Ga shi nan ja, a tsaye yake. Kwamfuta ta riƙe shi."

Na ce da Hausa, "Cidi, kada ka sa."

Ya ce, "Minti ɗaya ne, mutumina. In na ƙi, ka san abin da zai biyo baya."

Ya zura hannun dama. Daga can gefe na ji babban injin niƙa ya fara gurnani. Ƙarfen nan ya juya. Bai yi cikakken juyi ɗaya ba ya sake tsayawa, allon kuma yana nan ja kamar yadda yake. Cidi bai yi ihu ba da farko, bakinsa kawai ya buɗe. Na jefar da shebur na ruga na ja babban makunnin da aka hana kashewa, masana'antar duka ta yi tsit. Sai a lokacin muryarsa ta fito. Da muka ciro hannun, babban yatsa ne kaɗai ya rage. Baba Usman ya warware rawaninsa ya ɗaure masa damtse. Garin da ya zubo a ƙasa ya shanye jinin ya zama kamar kwaɓaɓɓiyar laka, kuma kafin motar asibiti ta fita daga ƙofa na ji Injiniya yana cewa a share wurin a mayar da wuta.

Asibitin yana cikin gari. Ranar Juma'a da babu aiki muka je ni da Baba Usman. Dattijon ya tashi tun safe ya tuƙa wani abu da suke ci a Sudan, kusan tuwonmu ne sak, da miyar busasshiyar kuɓewa. Cidi ya buɗe kwanon ya shaƙi ƙamshin, ya kai hannun hagu, lomar ta suɓuce ta faɗi kan zanen gado. Ya sake gwadawa ta sake faɗuwa. Baba ya wanke hannu, ya matso, ya riƙa yanko loma yana ba shi a baki. Haka ya yi ta yi har kwanon ya ƙare. Da za mu tafi Cidi ya riƙe rigata ya ce, "In Mama ta kira ka, ka ce wayata ce ta lalace."

Ranar Lahadi aka kira ni ofishin manaja. Shi ɗan ƙasa ne, ban taɓa ganinsa kusa ba sai ranar. Injiniya yana zaune a gefe. Aka ba ni kujera, har da shayi. Manaja ya turo min takarda da biro, ya ce bayanin hatsari ne da hukuma ke buƙata, in sa hannu. Ya ƙara da cewa ya ji ni mai lantarki ne, daga gobe an ɗauke ni daga ɗaukar buhu, za a ba ni makullin ɗakin wuta.

Ba zan ɓoye ba, zuciyata ta motsa. Wata biyar ina mafarkin makullin nan. Amma takardar da Larabci take, Larabcina kuwa na makarantar allo ne, ina iya haɗa baƙi amma ban san me suke nufi ba. Na ce a kira min Baba Usman. Suka dubi juna, suka kira shi. Ya sa tabarau ya karanta a hankali, sannan ya fassara min da Hausa.

Takardar ta ce ni Isyaku, ma'aikacin lantarkin da ke bakin aiki a ranar, na duba injin na tabbatar lafiyarsa ƙalau. Ta ce Cidi ne ya jingina da maɓalli bisa ganganci ya tayar da shi.

Wata biyar ina kwasar dusa. Sai ranar da ake neman wanda zai ɗauki jinin abokina aka tuna ni mai lantarki ne.

Na tashi na fita, na ɗauki shebur ɗina. Na je bayan akwatin kwamfutar na nemo wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya, na bi ta. Ta bi bango, ta fita ta wata 'yar kafa, ta shige cikin yashi a bayan ginin. Na fara haƙa. Rana tana tsakiyar ka, ma'aikata suka fara taruwa suna kallona. Ban yi shebur goma ba na ji ƙarfe. Na sa hannu na ja, abin ya taho ba ko gardama. Guntun rodi ne mai tsatsa, bai kai tsawon kamu biyu ba, an naɗa masa wayar kamar yadda ake ɗaure akuya a turke. Yashin da ke kewaye da shi a bushe yake ƙamas. Masana'anta guda, da injinanta na Turai, a kan wannan guntun rodi take zaune.

Na kwance shi na koma ofis da shi, na ɗora a kan takardar. Tsatsa da yashi suka zube a teburin manaja.

Na ce, "Baba, gaya masa wannan ne ya danna maɓallin. In yana son sa hannu, ga wanda zai sa masa."

Baba Usman ya fassara, kuma na ga bai rage komai ba. Manaja ya dubi rodin, ya dubi Injiniya, ya yi masa wata tambaya gajera. Injiniya ya fara magana da sauri yana nuna rufi yana nuna ni. Na katse shi na ce a zo a gani. Muka fita gaban allon. Na ce a bar sikeli babu komai, a tayar da injin niƙa. Lambar ta kama rawa a gaban idon manaja. Na ce a kashe, ta tsaya. Sau uku muka yi.

Na zaci daga nan gaskiya ta yi halinta. Abin da ya faru shi ne takardar ta ɓace, ba a ƙara zancenta ba, bayan kwana biyu kuma aka gaya min an soke aikina saboda na haƙa ramin da ba a sa ni ba, na kuma kashe babban makunni ba da izini ba. Cidi ma an ce ba shi da sauran amfani. Injiniya yana nan da makullinsa.

Kwana goma sha ɗaya muka yi a ɗakin kwano muna jiran tikiti da fasfonmu. Ranar tafiya da safe, ina ɗaure jaka, sai ga Injiniya a bakin ƙofa. Bai taɓa taka wurin ba. Yana riƙe da farar takarda da fensir. Ya yi ta kame-kame, daga baya ya fito da abin da ya kawo shi: manaja ya ba shi mako biyu ya gyara, shi kuma ya kafa sabuwar sanda amma lambar ba ta daina rawa ba. Yana so in zana masa yadda ake yi.

Na ce masa ya je ya tambayi Turawan da suka kawo injin. Na ce ni mai shebur ne. Na faɗi waɗansu maganganun da Hausa waɗanda ba zan rubuta su a nan ba. Ina so in ga an kore shi, ina so ya shiga mota ɗaya da mu ya zauna kusa da hannun Cidi har filin jirgi.

Baba Usman, wanda ya zo yi mana sallama, ya bari sai da na gama. Sannan ya ce, "Ɗana, duk abin da ka faɗa haka yake. Amma ku yau za ku tafi. Gobe da safe ni zan tsaya gaban allon nan, kuma in ƙarfen ya sake cushewa, wani za a ce ya sa hannu."

Na fizge takardar. Na durƙusa na ɗora ta a kan jakata na zana. Sanduna da yawa, a zurfafa su, a haɗa su da juna, a riƙa ba su ruwa tunda ƙasar ba ta da laima. Duk akwatunan a haɗa su wuri ɗaya da waya mai kauri. Siraran wayoyi a ba su hanyarsu daban nesa da manya, saƙar ƙarfen da ke lulluɓe da su a ɗaure ta da ƙasa ta gefen kwamfuta. A can ƙasan takardar na rubuta da manyan baƙaƙe cewa kada a sake sa hannu cikin inji sai an kashe makunni an sa masa kwaɗo, na sa Baba ya rubuta hakan da Larabci. Injiniya ya ninke takardar ya sa a aljihu ya juya. Bai ce na gode ba, bai kuma dubi Cidi ba.

A Kano muka sauka, muka shiga motar Funtua. Damina ta yi nisa, masara ta rufe gonaki hagu da dama, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana shigowa ta taga. Hannun Cidi yana naɗe a cikin rigarsa. Da direba ya tsaya a Malumfashi zai sauke fasinja, masu talla suka kewaye motar, ya miƙa hannun hagu ya karɓi gasasshiyar masara guda. Ya riƙe ta yana juyawa.

Ya ce, "Zanen nan da ka yi masa, daidai ka zana?"

Na ce, "Daidai na zana."

Ya ce, "Da ni ne, da na karkata masa waya ɗaya." Can kuma ya girgiza kai. "Ƙarya nake. Da na zana."

Direba ya tayar da mota. Saura ƙasa da awa guda mu isa Funtua, mahaifiyar Cidi kuma tana tasha tana jira, ba ta san komai game da hannun ba. Cidi ya miƙo min masarar.

Ya ce, "Karya mana ita biyu, Isyaku. Ni ba zan iya ba."